Tsofaffin Kwamfutoci Da Iyakar Girman Faifan Ajiya: A Bincika Kafin A Biya Kuɗi

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja da ke kan titin Otigba a Legas, ko kasuwar Alaba, ko kuwa Banex a Abuja, ya san cewa da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ƙananan 'yan kasuwa a ƙasar nan tokumbo ne. Sun yi aikin shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin a loda su cikin kwantena a kawo mana. Da su ake buga wasiƙu, da su ake riƙe lissafin shago, da su kuma ake cike wa ɗalibai takardun jarrabawa. Ranar da wurin ajiya ya cika, abin da mai na'ura kan yi shi ne ya je ya sayo babban faifan ajiya ya ba mai gyara ya ɗaura. Sau da yawa a nan ne rigima kan tashi, domin na'urar takan nuna kaso kaɗan kawai na faifan, ko ta ƙi ganinsa sam, ko ma ta tsaya cik tun wajen tashi. Mai saye ya ce an sayar masa da jabu, mai sayarwa ya rantse kayansa lafiyayye ne, alhali galibi ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Asalin al'amarin shi ne kowane zamani na kwamfuta yana da iyakar lambar da zai iya ƙirgawa. An tsattsaga faifan ajiya zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bait 512, kuma kowanne yana da lambarsa, kamar dai yadda ake lambata rumfunan kasuwa. Idan littafin sarkin kasuwa yana da layi dubu ne kacal, to rumfa ta dubu da ɗaya ba ta da inda za a rubuta ta, ko da kuwa an gina ta an yi mata rufi. Waɗanda suka tsara kwamfutocin farko sun ware wa wannan lamba wuri daidai da abin da suke gani ya wadatar a lokacinsu, kuma ba za a zarge su da rashin hangen nesa ba. Faifan da kamfanin Seagate ya fitar a shekarar 1980 megabait 5 ne, wanda IBM ya sa a kwamfutarsa ta XT a 1983 kuwa megabait 10.

Shingen farko da ya dami jama'a sosai shi ne na megabait 528, wanda ya fito fili a wajajen 1994. A wancan lokaci ana nuna wuri a kan faifai ne da lambobi uku: silinda, da kan da ke karantawa, da gurbi. Ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura, wato BIOS, tana iya ƙirga silinda 1,024 da gurbi 63, shi kuma tsarin haɗa faifai na IDE kai 16 kawai ya sani. Kowane ɗaya daga cikin tsare-tsaren biyu, shi kaɗai, zai iya kaiwa nesa da haka, amma da aka gama su sai aka koma kan mafi ƙanƙantar lamba a kowane fanni. Idan aka ninka 1,024 da 16 da 63 da 512, za a sami bait 528,482,304. Abin da ya haura wannan, na'urar ba ta san da zamansa ba. Kamfanonin faifai suka shiga raba wa masu saye manhajoji irin su Disk Manager da EZ-Drive, waɗanda ke zama a farkon faifai suna yi wa BIOS tafinta. Dabarar ta yi aiki, sai dai tana da haɗari, domin duk wanda ya tayar da na'urar daga wani faifan daban ba tare da manhajar ta fara lodi ba, zai iya ganin ajiyarsa a hargitse.

Daga nan shingayen suka riƙa biyo juna. Tsarin ajiye fayil na FAT16 ba ya wuce gigabait 2 a kaso ɗaya, sai da FAT32 ya zo a 1996. A wajajen 1998 aka ci karo da na gigabait 8.4, inda lambobi ukun nan na BIOS suka ƙare ƙarƙaf, aka koma ga ƙirga gurabe a jere daga sifili, tsarin da ake kira LBA. Shekara guda bayan haka aka gano cewa wasu nau'o'in BIOS na kamfanin Award kan sandare idan faifai ya wuce gigabait 33.8. Shi ya sa a bayan faifan IDE na wancan zamani ake samun wata 'yar ƙaramar hular roba da ake sa wa a kan ƙusoshi biyu, wadda masu gyara ke kira jamfa, domin faifan ya ƙasƙantar da kansa ya ce shi gigabait 32 ne. Har yanzu akan sami faifan gigabait 40 ko 80 na hannu da ke nuna 32 kurum, ba don ya lalace ba, sai don an manta da jamfar a inda wani ya sa ta shekaru ashirin da suka wuce.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne shingen gigabait 137, saboda shi ne ya fi cin dukiyar mutane, kuma har yanzu akwai na'urorin da ke ƙarƙashinsa. Tsarin LBA na farko ya ware bit 28 ne domin lambar gurbi, wato gurabe 268,435,456, waɗanda suka kama bait 137,438,953,472. Kamfanin Maxtor ya jagoranci faɗaɗa lambar zuwa bit 48 a 2001, aka kuma shigar da gyaran cikin ƙa'idar ATA-6. Amma gyaran bai wadatar a kan faifai kaɗai ba, dole ne BIOS da manhajar gudanarwa su ma su san sabon lissafin. Windows XP na farko, wanda ya fito a 2001, bai san shi ba sai da aka yi masa ƙarin gyara na ɗaya a 2002. Windows 2000 kuwa sai an ɗora masa ƙarin gyara na uku, sannan a shiga rajistarsa a kunna abin da hannu.

Illar wannan shinge ta wuce asarar fili. Idan aka tsara faifan gigabait 160 ko 250 a kan sabuwar na'ura, sannan aka mayar da shi kan tsohuwa wadda lissafinta ya tsaya a bit 28, komai zai yi ta tafiya daidai na tsawon watanni. Ranar da ajiya ta haura gigabait 137, lambar na iya zagayowa ta koma sifili, kamar yadda mitar tsohuwar mota kan koma farko bayan ta cika, sai na'urar ta rubuta sabon abu a kan farkon faifai, inda taswirar dukkan fayiloli take. Mai ɗakin ɗaukar hoto ko mai maɗaba'a da ya tara aikin abokan ciniki na shekaru zai wayi gari na'ura tana tambayarsa ko yana so a goge faifan a sake tsara shi. Kuɗin faifai ba komai ba ne idan aka gwada da wannan.

Shingen da ya fi shafar kasuwar tokumbo a yanzu shi ne na terabait 2.2. Teburin da ke raba faifai kaso-kaso, wanda ake kira MBR, tun 1983 ake amfani da shi, kuma bit 32 ya tanada, wato bait 2,199,023,255,552. Da faifan terabait 3 ya shigo kasuwa a 2010, masu saye suka tarar da terabait 2 kawai ake iya amfani da shi, ragowar kimanin gigabait 746 na zaune a banza. A wasu na'urorin ma ragowar kaɗai ake gani, babban kason ya ɓace. Maganin shi ne sabon teburi mai suna GPT. Windows 7 da waɗanda suka biyo bayansa suna karanta shi ba wahala idan faifan na ajiya ne kurum. Idan kuwa daga kansa ake so na'ura ta tashi, to sai tana da UEFI, magajin BIOS, wanda bai zama ruwan dare ba sai wajajen 2012 da fitowar Windows 8. Windows XP na gama-gari, mai bit 32, ba ya karanta GPT ko kaɗan. Saboda haka ga kwamfutar da aka ƙera kafin wannan lokaci, hanya mafi sauƙi ita ce a bar manhajar gudanarwa a kan ƙaramin faifai, a ɗaura babban a matsayin na biyu.

Akwai kuma wani tarko a faifan waje da ake haɗawa ta USB. Wasu akwatunan na terabait 3 da 4 an yi su ne su riƙa gaya wa kwamfuta cewa kowane gurbi bait 4,096 ne, domin tsofaffin na'urori su iya ganin faifan duka. Idan akwatin ya mutu aka ciro faifan aka haɗa shi kai tsaye, lissafin zai sauya, faifan ya bayyana tamkar ba a taɓa rubuta komai a kansa ba. Ajiyar tana nan, kuma ƙwararre zai iya ceto ta, muddin ba a yi gaggawar amsa tayin gogewa ba.

Ba kowane gibi ne shinge ba, kuma ya kamata a yi wa 'yan kasuwa adalci a nan. Masu ƙera faifai suna lissafin gigabait da bait biliyan ɗaya cif, Windows kuma yana lissafi da 1,073,741,824. Don haka faifan gigabait 500 zai nuna kusan 465, na terabait ɗaya kuma 931, kuma babu abin da aka rage. Jabu na gaskiya ya fi yawa a ƙananan faifan aljihu, inda ake sauya bayanin da ke cikinsu su yi iƙirarin girman da ba su da shi, kuma ba a gane su sai an cika su an sake karantawa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a yar da tsohuwar na'urar a sayi wata ba? Ga mai shagon buga takardu wataƙila hakan ya fi araha, musamman ganin cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP tun watan Afrilu na 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020. Amma akwai kwamfutocin da ke jan injin yankan ƙarfe, ko na ɗinkin kwalliya, ko na gwaje-gwajen asibiti, waɗanda manhajarsu ba ta aiki sai a kan tsohon tsari, kuma sauya su na nufin sauya injin gaba ɗaya. Ga irin waɗannan, girman faifai ba shi ne abin nema ba. Sabon faifan IDE ya yi wuyar samu tun da SATA ya karɓe kasuwa bayan 2003, don haka masu gyara kan yi amfani da ƙaramin adafta su haɗa katin CompactFlash ko ƙaramin SSD, su zaɓi girman da bai haura iyakar na'urar ba. A ganinmu wannan ya fi dogaro da manhajar tafinta, ya kuma fi sabunta BIOS a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, babban allon na'urar na iya mutuwa ɗungurungum.

Saboda haka kafin a tafi kasuwa, a rubuta sunan na'urar da lambar samfurinta da kwanan watan BIOS ɗinta, wanda kan bayyana a fuskar na'ura lokacin tashi, a kuma kwafe duk muhimmin abu zuwa wani wuri dabam. Haka ma masu na'urar naɗar hoton tsaro a shaguna, su duba littafinta, domin kowace tana da iyakar faifan da take karɓa. In da hali, a ɗauki na'urar a je da ita, a ɗaura faifan a gaban mai sayarwa, a shiga BIOS a ga adadin da ta karanta, sannan a ƙirga kuɗi.