Daga Karfi Zuwa Mbale: Shekara Biyu Ina Koyarwa a Ƙasar Wasu

Tun da 'yan ajina suka ji cewa na taɓa koyarwa a Uganda, kullum tambayarsu ɗaya ce: "Malam, nawa ake biya?" Ba wanda ya taɓa tambayata yadda na yi da makon farko, alhali can labarin yake.

Ta shirin TAC na tafi. Gwamnatin Babangida ce ta kafa shi a 1987, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje. Maimakon Najeriya ta riƙa bai wa ƙasashe tallafin kuɗi, sai ta tura musu malamai da likitoci da injiniyoyi na tsawon shekara 2, a Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Fasifik. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓe ka ta ba ka masauki. Wasu Gambiya aka kai su, wasu har Jamaika da Fiji. Ni rabona ya faɗa Mbale, a gabashin Uganda, gindin Dutsen Elgon, garin da Jami'ar Musulunci ta Uganda take tun 1988. Wannan ya sauƙaƙa mini batun masallaci da naman halal.

Abinci bai ba ni wahalar da ake zato ba. Posho ɗinsu tuwon masara ne, ɗan Karfi kuwa ba a koya masa cin masara. Matoke, wato ɗanyar ayaba da ake turarawa a kirɓa, sai da na yi wata guda kafin ya shiga. Hanya ce ta kusa halaka ni: su ta hagu suke tuƙi, mu mun bar wannan tun 1972. Sau biyu ɗan acaɓa, boda-boda suke ce masa, yana kusan kwashe ni don na duba ɓangaren da na saba.

Aji ne ya karya ni. Na shiga da taƙamar shekarun da na yi ina koyar da aikin gona, na yi minti 40 ina zuba, ba wanda ya ɗaga hannu. Na ɗauka ladabi ne. Sai a mako na biyu wata ɗaliba ta same ni a ofis, ta ce cikin girmamawa ba sa gane rabin abin da nake faɗa. Turancin ne dai, amma irin namu, mai haɗa p da f, ga sauri. Banda wannan, misalaina duk na gida ne: damina ɗaya, shuka a watan Yuni, girbi, sai rani mai tsawo. Su kuwa sau biyu suke samun ruwa a shekara, ayaba da kofi a gona guda, ba su san abin da ake kira hunturu ba. Ina ta bayanin ajiyar hatsi a rumbu na wata bakwai ga mutanen da ba su taɓa buƙatar haka ba.

A daren nan na tuna da wani malaminmu na lissafi a sakandare, mutumin Gana. A wancan zamanin makarantun Arewa cike suke da malamai daga Gana da Indiya da Pakistan da Masar. Mu kuwa ba mu da aiki sai kwaikwayon maganarsa da zarar ya juya ga allo. Da aka kori baƙi marasa takardu a 1983, 'yan Gana da yawa suka tafi, shi ma muka wayi gari ba shi. Ban taɓa tunanin inda yake kwana ko wanda yake hira da shi bayan an tashi ba. Allah Ya yafe mana.

Abin da na yi ba wata dabara ba ce babba. Na rage sauri, na riƙa rubuta kowace muhimmiyar kalma a allo. Na koyi "mulembe", gaisuwar Bagisu, suka yi dariya, amma dariyar ta bambanta da ta baya. Sannan kowace Juma'a ɗalibi ɗaya zai yi mana bayanin gonar gidansu, ni kuma in kawo ta Karfi, mu kwatanta. A nan na ga yadda suke shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa don riƙe danshi, abin da yanzu nake yi da karan masara a gonata maimakon ƙonawa.

Akwai kuma abin da alawus ba ya biya. Sallah huɗu na yi ba a gida ba. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, in na samu sukunin kiran gida da dare barci ya fara cina, su kuma yanzu suka idar da isha'i. Na bar ɗana yana rarrafe, na dawo ya ɓuya bayan uwarsa, sai da aka yi kwana 10 kafin ya yarda in ɗauke shi.

Da yawanku bautar ƙasa za ta kai ku Ebonyi ko Bayelsa, kuma aji za a ba ku ko ba ku karanta malanta ba. In kuka ga ɗalibai sun yi tsit, kada ku yi saurin cewa ladabi ne. Ku kira ɗaya gefe ku tambaye shi abin da ya ji.