Ba Kowane Nauyin Kwamfuta Ne Bairos Ba

A rumfunan cajin waya na Bagwai da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, jira ya zama jiki. Mutum ya miƙa memori a tura masa karatun Alƙur'ani, wa'azi ko fim, mai kwamfuta ya danna, koren layin nan ya yi ta jan ƙafa har layi ya taru. Da an tambaya sai a ce bairos ne. Washegari a ɗauki kwamfutar a kai Kano, a biya kuɗin mota da na gyara, a yi mata fomatin, hotunan biki da takardun makaranta su salwanta, kuma ta dawo da nauyinta. Wannan asara ce da sau da yawa ba ta da dalili.

Abu uku ne ke haɗuwa kafin fayil ya tashi daga wuri zuwa wuri. Akwai faifan ajiya, akwai ƙananan na'urorin da ke manne a allon cikin kwamfuta waɗanda ake kira cifset, sai kuma kanel, wato zuciyar Windows ko Android, mai bai wa kowa umarni. Manomin rani a Watari ya fi kowa gane wannan: madatsa na iya cika maƙil, amma idan magudana ta cushe da yashi, ko mai buɗe ƙofar ruwa ya yi kuskure, shinkafa ƙishirwa za ta sha. Faifai shi ne madatsar, cifset magudana, kanel kuma mai rabon ruwa.

Wani lokaci laifin tun daga masana'anta yake. A ƙarshen Janairun 2011 kamfanin Intel ya sanar da cewa wani sabon cifset ɗinsa yana da aibi: wasu hanyoyin da ke haɗa faifai da allo suna lalacewa a hankali, har aiki ya riƙa raguwa. Kamfanin ya ƙiyasta kashe dala miliyan 700 wajen gyara da musanya. Irin wannan, ko sau goma aka yi fomatin ba zai warke ba, domin ciwon a ƙarfe yake.

Akwai kuma aibin da ake toshe shi ta kanel. A farkon 2018 aka bayyana ɓarakar Meltdown da Spectre, waɗanda ke iya bai wa muguwar manhaja damar leƙa sirrin da ke cikin na'ura. Masu Windows da Linux suka fitar da gyara, sai dai gyaran ya rage wa tsofaffin kwamfutoci gudu, musamman wajen aikin da ya shafi faifai, kuma Microsoft da kansa ya amsa hakan. Tsofaffin nan kuwa su ne na hannu da muke saya a titin Beirut da Farm Centre. To shin sai a guji sabuntawa? A'a. A ganina ɗan nauyi ya fi a kwashe wa mutum lambobin sirrinsa na banki, balle yanzu da kusan kowane shago ke da POS. Wayoyinmu ma haka: Android a kan kanel ɗin Linux yake tafiya, kuma a 2020 sai da aka toshe wata ɓaraka a cifset ɗin MediaTek, irin wanda Tecno da Infinix da yawa ke ɗauke da shi.

Amma sabuntawa na da ladabi. A kwafe muhimman abubuwa a wani wuri tukuna. A tabbata batir ya cika ko janareta na da mai, domin wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin tana iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya. Masu Windows 7 kuma su sani tun Janairun 2020 aka daina aiko mata gyara, Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Galibi ma matsalar ba ta kai nan ba. Tsohon ramin USB 2.0 da ƙyar yake wuce megabait 35 a daƙiƙa, alhali mai shuɗin ciki, USB 3.0, ya ninka shi sau da yawa, kuma sau tari yana nan a gefen kwamfutar ba a lura da shi ba. Faifai mai juyawa yana yin kusan megabait 100, mara juyawa kuwa, wato SSD, kusan 500. Jabun memori shi ne babban ɓarawon lokaci: a jikinsa an rubuta gigabait 32, cikinsa bai kai ba, yana rarrafe, daga baya fayilolin su ƙi buɗewa. Lalatacciyar igiya ma tana yin haka, zafi da ƙurar hunturu da ke toshe fanka su ma suna sa na'ura ta rage gudu da kanta. Idan kuwa ka kara kunne ka ji faifai yana ƙas-ƙas, ajalinsa ya kusa, ka kwashe kayanka a ranar.

Ga masu gyara, ku ji tsoron Allah ku duba kafin ku goge wa mutane ajiyarsu. Kai kuma mai kwamfuta, kafin ka hau mota zuwa Kano, canja rami, canja igiya, gwada wani memorin. Idan duk ba su yi ba, ka je, amma ka ce wa mai gyara ya fara auna lafiyar faifan a gabanka.