Turmi Ko Inji? Shawara Ga Masu Shan Gahawa

Ran nan muka ziyarci wani malamin makaranta a cikin birnin Kano, ya kawo mana gahawa a finjali, muka kurɓa muka ji ɗaci da tsami sun haɗu wuri guda. Malamin ya ji kunya, ya ce lalle mai kanti ya cuce shi. Da muka duba sai muka ga ƙwayar ba ta da laifi ko kaɗan. Laifin na abin niƙa ne, wanda ya sa kuɗi masu yawa ya saya bai yi shawara da kowa ba. Don haka muka ga ya kamata mu yi wa malamai da ma'aikatan ofis bayani, kada albashi ya tafi a banza.

Sunan gahawa daga Larabci ya zo. Asalin itacen kuwa ƙasar Habasha, sa'an nan mutanen Yaman suka shahara da nomansa da cinikinsa. A nan Nijeriya ma ana nomansa a tsaunin Mambila. Cuɗanyar Kanawa da Larabawa daɗaɗɗiya ce, shaidarta ita ce unguwar Dandalin Turawa, inda fataken Tarabulus da Gadamas suka zauna kusa da kasuwar Kurmi.

To, ga ƙa'idar, guda ɗaya ce tak. Gari mai laushi yakan saki ƙarfinsa da sauri, tsaki kuwa a hankali. Saboda haka sai mutum ya san irin dahuwar da zai riƙa yi tukuna, kana ya nemi abin niƙa.

Wanda ke son irin ta Turkawa, watau a tafasa gari da ruwa tare a zuba ba tacewa, dole garinsa ya yi laushi kamar na alkama, domin ya kwanta a gindin finjali. Abin da ya dace da shi shi ne doguwar maniƙar nan ta tagulla da ake juyawa da hannu. Wanda ya saba da jabana irin ta Sudan, wadda alhazanmu na da suka tarar a hanyar Makka, ƙaramin turmi ya ishe shi: a soya ƙwaya, a daka, a sa citta. Amma a keɓe turmin, gama in ya taɓa ganin barkono ko daddawa, sai baƙo ya ji su a bakinsa.

Akwai kuma dabarun Turai. Tacewa da takarda, wadda Melitta Bentz ta ƙago a Jamus cikin 1908, tana son gari matsakaici kamar yashi. Butar nan mai hawa biyu ta Bialetti, wadda ta fito a Italiya cikin 1933, tana son wanda ya ɗan fi haka laushi. Ita kuwa butar gilashi mai rariyar dannawa, ɓarzajje take so kamar tsakin dambu, gama yakan jiƙa har minti 4.

Injunan da ke kasuwa iri biyu ne. Akwai mai wuƙa, yana da araha, amma sara yake yi ba niƙa ba: wani ya zama ƙura, wani ya tsaya guntu-guntu. Ƙurar ta ba da ɗaci, guntayen su ba da tsami. Irinsa ne malaminmu ya saya. Na biyu yana da haƙora biyu masu murƙushe ƙwaya tsakaninsu kamar dutsen niƙa, da noti wanda ake matsawa ko a sassauta. Shi ne ke fid da gari bai ɗaya, shi ne kuma ya kamata ga mai dahuwa iri-iri. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fara ƙera irinsa tun 1840, kafin ya san zai yi mota.

Mu dai a ganinmu, na hannu ya fi dacewa da gidan cikin birni, domin wutar lantarki ba kullum take ba, kuma ba ya tashin maƙwabta da asuba. Kafin ka biya, ka riƙa ƙwaya kaɗan a aljihu, ka sa a niƙa a gabanka, ka murza garin a tafin hannu. In ka je gida kuma, ka niƙa daidai abin da za ka sha, gama ƙanshi ba ya daɗewa a gari.

Malaminmu ya ɗauki shawara. Da muka koma, finjali uku-uku muka sha, har ya ce bai san ƙwayarsa na da daɗi haka ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce araha ba ta ado.