Abin da Ya Dace a Shuka a Gindin Itace

Manoman ƙasar Kaoje sukan yi kuka cewa kaɗanya da ɗorawa suna kashe musu shuka, har waɗansu sukan sa gatari. Wannan hasara ce babba, gama man kaɗe da kalwa kuɗi ne a kasuwar Kaoje da ta Tsamiya. Dabara ita ce a zaɓi shukar da ke jure inuwa.

Da fari sai a auna rana. Kafa turke inda kake so ka yi shuka, ka duba shi da hantsi, da azahar, da la'asar. In rana tana samunsa awa 6 ko fiye, komai zai yi. In awa 3 zuwa 6 ne, watau rabin inuwa ke nan. In bai kai awa 3 ba, sai a haƙa ramin taki a wurin.

Gero da dawa da masara da albasa da kankana 'yan rana ne. A ƙarƙashin ɗorawa dawa takan yi tsawo, amma zangarniya ba nauyi. Waɗanda suke jure rabin inuwa su ne gwaza, da barkono, da gauta, da lalo, da na'ana'a. An gwada gwaza da barkono a gindin ɗorawa a Burkina Faso, sun kuwa yi kyau. Citta ma tana son inuwa, amma ruwanmu bai kai na Kachiya ba, sai an rufe kunya da ciyawa, an kuma taimaka da ban ruwa.

Itatuwa ba ɗaya ba ne. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, don haka gero ma yana yi a gindinsa. Mangwaro da darbejiya kuwa inuwarsu tana da duhu, sai a yi shuka daga gefen gabas, inda ranar safe ke bugawa.

A tuna saiwar itace ma tana shan ruwa da taki. Saboda haka a bar kamar taki 3 daga gindi, a zuba takin gida sosai, a ba gwaza ƙafa 2 tsakanin kowane rami. Kafin ruwan fari a sassabe rassan ƙasa kaɗan don haske ya shiga.

Wanda ya bi wannan, ga kayan miya a gida, ga itacensa tsaye.