Gajerun adireshin intanet: abin da mai latsawa ba ya gani

Ƴan'uwa da ɗalibai, kusan kullum ana turo mana saƙo a WhatsApp ɗauke da ɗan gajeren adireshi, irin wanda ke farawa da bit.ly ko tinyurl, sai wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana. Wannan ba shi ne ainihin adireshin shafin ba. Wani kamfani ne ya tsaya a tsakani: idan ka latsa, wayarka wurinsa take fara zuwa, shi kuma ya miƙa ka gaba. TinyURL ya fara wannan aiki a 2002, Bitly ya biyo baya a 2008, abin ya yaɗu ne a zamanin da Twitter ba ya karɓar saƙon da ya wuce haruffa 140.

Illarsa ta farko, yana ɓoye inda za a kai ka. Cikakken adireshi yana nuna sunan mai shafin, ko gidan rediyo ne, ko jami'a, ko ma'aikata. Gajeren kuwa ya rufe sunan. Shi ya sa ƴan damfara suke sonsa. Za a ce ana rabon tallafin azumi ko data kyauta, mutum ya latsa, ya faɗa shafin da aka ƙera kamar na banki, ya rubuta lambar sirrinsa da hannunsa. Dattawanmu da ba su daɗe da riƙe babbar waya ba, su muka fi jiye wa tsoro. Kamfanin kuma yana ƙirga kowace latsawa, da ƙasar da aka latsa, da irin na'urar.

Abin da ya fi damunmu game da ɗalibai shi ne rashin dawwama. Google ya buɗe nasa, goo.gl, a 2009, ya sanar da dakatar da shi a 2018, kuma a watan Agusta na 2025 ya kashe waɗanda aka daina latsawa. Ɗalibin da ya kafa hujja da irin wannan adireshi a bincikensa, shafin yana iya kasancewa yana nan lafiya, amma hanyar zuwa gare shi ta yanke, haruffan kuma ba su nuna ko wane ne marubucin balle a nemo shi.

Don haka mai rubutu ya sa cikakken adireshi, tare da sunan marubuci da kan maganar. Wanda aka turo wa na bit.ly kuwa, kafin ya buɗe, ya kwafe shi ya ƙara alamar + a ƙarshensa. Bitly zai nuna masa inda ya nufa.