Yadda Ake Auna Zafin Jikin Majinyaci

A gidajenmu na Habbena, idan yaro ya tashi da kasala, uwa takan ɗora bayan hannunta a goshinsa ta ce jikinsa da zafi. Wannan kulawa ce mai kyau, amma hannu ba ya ba da adadi, kuma yakan yi kuskure. A watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena ke haura digiri 40, goshin lafiyayye ma yakan ɗauki zafi bayan yini a rumfar kasuwa. Haka kuma gumi yakan sanyaya goshin mai zazzaɓi, alhali cikin jikinsa na ci kamar wuta.

Dalili shi ne zafin fata daban, na cikin jiki daban. Na cikin jikin mai lafiya yana tsayawa kusa da digiri 37, amma fata tana bin rana da iska da tufafi. Saboda haka kowace hanyar awo tana da ƙa'idarta.

Hanya ta farko ita ce awon hammata, kuma ita ta fi dacewa da gida. A share gumi, a sa bakin ma'aunin a tsakiyar hammata ya taɓa fata, a matse hannun da jiki har na'urar ta yi ƙara. Awon hammata yakan gaza na cikin jiki da kusan rabin digiri, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗaukar 37.5 a hammata a matsayin zazzaɓi. Ma'auni mai batir ya fi tsohon na gilashi aminci, domin zaibar da ke cikin na gilashi guba ce idan ya fashe.

Ta biyu ita ce na'urar da ake saitawa a goshi, wadda matafiya suka saba gani a kan iyakoki da ƙofofin asibitoci lokacin cutar korona a 2020. Ba ta harba komai cikin kai. Ɗumin da fata ke fitarwa take karantawa. Tana da sauri, amma rana da gumi suna ruɗar ta. Wanda ya ƙetaro gadar Ngeli daga Kusiri da tsakar rana, ya huta a inuwa kamar minti 15 kafin a auna shi. Idan ta nuna zazzaɓi, a tabbatar da awon hammata.

Ta uku a asibiti ake yin ta. Bakwainin da aka sa a kwalba, ana manna masa ɗan ƙaramin ma'auni a fatar cikinsa, na'urar tana ƙara ɗumi ko ragewa don ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Ga jariri, sanyin jiki haɗari ne kamar zazzaɓi, musamman da hunturu. A gida, a kwantar da shi fata da fata a ƙirjin uwa, a lulluɓe su tare.

A garzaya asibiti ba jinkiri idan jaririn da bai kai wata biyu ba ya kai 37.5 ko ya sauka ƙasa da 35.5. Haka nan duk yaron da ke jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko hannuwansa da ƙafafunsa suka yi sanyi alhali jikinsa na zafi.

Ma'auni yana nuna akwai zazzaɓi, amma ba ya faɗin sanadinsa. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawaita, gwajin jini ne ke tabbatar da shi, don haka a yi gwajin kafin a sayi magani. A rubuta adadin da aka gani, da lokacin awon, da lokacin da aka ba da farasitamol in an ba da shi, a miƙa wa ma'aikacin lafiya takardar.