TAUSA DA CIWON BAYA

Kowace damina, da an shiga noman firi, sai masu ciwon baya su cika mana disfensare. Wani ya zo a sunkuye, wata ta zo riƙe da ƙugu. Yawancinsu ba allura su ke bukata ba, tausa ce da motsa jiki.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne jere, 24 daga cikinsu suna motsi, nama da jijiyoyi ke riƙe da su. In mutum ya wuni duƙe bisa fartanya, naman nan ya kan sage. Tausa ke sassauta shi, har mutum ya miƙe sosai.

Ga yadda a ke yi:

1. Mai ciwo ya kwanta rub da ciki bisa tabarma.
2. A shafa man kaɗanya ko man gyaɗa a tafin hannu.
3. A murza naman da ke gefen ƙashin baya, dama da hagu, daga ƙugu zuwa kafaɗa, kamar minti 10. Kada a danna ƙashin kansa.
4. Kada a sa yaro ya hau bayan ya tattaka.

Amma tausa kaɗai ba ta isa ba. Kada mai ciwo ya lizimci kwanciya, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. A gona, ya riƙa miƙewa lokaci lokaci. In zai ɗauki buhu, ya tsuguna tukuna, ya tashi da ƙarfin ƙafafunsa.

Akwai kuma bayan da ba a tausawa. An taɓa kawo mini yaro mai ƙusumbi a tsakiyar baya, wanda aka yi wata 3 ana dannawa a gida wai don ya miƙe. Ashe tarin fuka ne ya ci ƙashin. Kafin su zo, ƙafafunsa sun fara mutuwa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, ana shansa wata 6 ko fiye.

Saboda haka in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko bayan faɗowa daga bishiya, kada a taɓa shi. A kai shi asibiti ran nan, kada a bari ya kwana.

Lafiya uwar jiki.